Lafiya Lau, In Ji Hasan

Ku matso kusa, ba na son in ɗaga murya. Atine, leƙa ki gani, Gwaggo ta yi barci? To, ja mata ƙofar a hankali. Kai kuma Nafi'u, kife wayar nan. Tun da na iso da la'asar kake kaɗa min takardar ɗaukar aiki a fuska, sai ka ce kai ka fara samun aiki a duniya. Na gani. Injiniyan kwamfuta a asibiti. Allah ya sa albarka. Amma asibitin nan da za ka fara zuwa ranar Litinin, ni yayarku Barira na ci shekara shida a cikinsa, a kan kujerar da za a ba ka. Akwai abin da ba za su rubuta maka a takarda ba.

Ku yi bisimilla tukuna. Atine, ba dariya na ce ki yi ba.

Ka san ɗakin nan na ƙarshen baranda, bayan wurin wanki, mai ƙofar ƙarfe? Ɗakin sanyi suke ce masa. Nan manyan kwamfutocin asibitin suke, waɗanda komai yake cikinsu: sunan majinyaci, maganinsa, gwajinsa, jininsa. Sun nuna maka shi ranar da ka je ganawa, na sani, da shi suke burga. Sun gaya maka abin da ɗakin yake kafin nan? Ba za su faɗa ba. Ɗakin ajiye gawa ne. Tun asibitin yana hannun 'yan mishan. Shekara arba'in ana kwantar da mutane a ciki. Da aka gina sabo a can baya sai aka rufe wannan, ko masu shara ba sa bi ta ƙofarsa.

Sai ga Injiniya Badamasi.

Wannan shi ne shugabana a lokacin. Turarensa yakan riga shi shiga ɗaki. Kati uku yake ratayawa a wuya. Takardun shaidarsa sun cika bangon ofis har agogo ya rasa wurin zama. Duk maganar da zai yi sai ya soka mata Turanci, ko da tambayar hanyar bayi ce. Ya zagaya asibitin hannu a aljihu, ya tsaya a ƙofar ɗakin nan, ya ce ai ba inda ya fi nan. Bango mai kauri, babu taga, sanyi yana zama.

Baba Mudi mai gadi, wanda ya tsufa a bakin ƙofar asibitin, ya rusuna ya ce masa, "Ranka ya daɗe, ɗakin nan da mai shi."

Badamasi ya dube shi sama da ƙasa. "Baba, ni kimiyya na karanta."

"To ko sallama a riƙa yi in za a shiga."

"In yi wa bango sallama?"

Shi ke nan. Ya sa aka shimfiɗa sabon daɓe a kan tsohon, irin wanda ake barin rami a ƙarƙashi saboda wayoyi. Magudanar da ruwan wankan gawa yake bi tana nan a ƙasa, rufe ta kawai aka yi. Daɓen nan in ka taka shi yana amsawa, dum, dum. Ku riƙe wannan.

Inji biyu ya kafa a ciki, iri ɗaya sak, kowanne ya kai tsayin firji. Ma'aikata suka sa musu Hasan da Usaini. Atine, ke da ba ki karanci abin ba, ga yadda suke. Hasan ne yake aiki. Duk abin da aka rubuta a asibiti wurinsa yake zuwa, shi kuma ya miƙa wa Usaini kwafi. Usaini yana zaune ne kawai yana jira. Kowace daƙiƙa yana tambayar wansa ta wata 'yar waya da ke tsakaninsu, kana lafiya? Hasan ya ce lafiya lau. Ranar da ya tambaya ya ji shiru, sai ya miƙe ya ɗauki aikin, ba wanda zai ma san an yi canji. Tsari ne mai kyau, ban ce ba shi da kyau ba. Mai shi ne ba shi da kai.

Domin a cikin kowane inji akwai fayafai. Su ne rumbun, su suke juyawa dare da rana suna riƙe da rubutun. Faifai kuwa ba ya mutuwa farat ɗaya. Tsufa yake yi. Yau tabo ɗaya, gobe uku, jibi ya fara zafi, ya fara daɗewa kafin ya amsa kira. Inji zai iya tsayawa da ƙafarsa, fitilarsa kore shar, yana ta amsa gaisuwa, alhali rumbunsa ya ruɓe. Don haka na zauna na haɗa ɗan tsarin da zai riƙa leƙa fayafan, ya ƙirga tabon, ya auna zafin, in ya ga abu ya turo saƙo waya. Na so in haɗa shi da Usaini ma, yadda in cikin Hasan ya lalace zai karɓi aikin ko da bakin Hasan yana cewa lafiya.

Na kai wa Badamasi maganar. Na ce, "Yallaɓai, Usaini gaisuwa kawai yake yi. Wane Bahaushe ka taɓa gaisarwa ya ce maka ba lafiya? Mutum yana kan gadon asibiti da ƙarin ruwa a hannu, ka ce ya jiki, ya ce da sauƙi."

Bai ɗago daga wayarsa ba. "Barira, difloma gare ki ko?"

"Eh, yallaɓai."

"To ki tsaya a inda difloma ta ajiye ki."

Ɗan tsarin nawa ya yi wata biyu yana aiki. Rannan mai asibitin ya kawo baƙi daga Abuja, ana nuna musu babban allon da ke ofishinsa, wanda Badamasi ya kafa don a ga komai kore. Ana cikin tafi sai gefe ɗaya ya koma ruwan ɗorawa. Faifai ɗaya na Hasan ya yi sabon tabo. Wani baƙo ya ce wannan fa? Badamasi ya yi gumi har cikin wuyan riga. Baƙin suna fita ya shigo ofis ya kashe tsarin da hannunsa. Bai canza faifan ba. Bakin mai faɗar ya toshe. Daga ranar allon bai sake canza launi ba, shi kuma ya samu barci.

Ba a nan ya tsaya ba. Fayafan Hasan da na Usaini duk a kwali ɗaya ya sayo su, rana ɗaya, daga kamfani ɗaya, wai don su yi kyan gani. Abin da aka haifa tare aka kunna tare, ai tare zai tsufa, ko mai sayar da kwan fitila ya san haka. Sannan ya sa aka kwashe rajistocin takarda na kowane sashe aka kulle a sito, ya ce zamanin biro ya wuce. Kuma tun da aka kafa injinan bai taɓa kashe Hasan ko sau ɗaya don ya ga Usaini zai tashi ba. Tsoro yake ji. Sai ya buga takarda ya manna a ƙirjin Hasan: duk wanda ya taɓa, a bakin aikinsa.

To, kun tuna shekarar da aka yi wa Gwaggo aikin ƙarin nan na ciki? Kai Nafi'u kana makarantar kwana, ke Atine an kai ki gidan Kawu. An ce muku aiki ya yi kyau. Ya yi kyau. Ga abin da ba a gaya muku ba.

Jinin uwarku, gwaggon nan tawa, mai wuyar sha'ani ne. Ko na rukuninta ba kowanne jikinta yake karɓa ba. Leda tara aka gwada a ɗakin jini kafin a sami biyu da suka dace da ita. Ledojin tara suna cikin firji, iri ɗaya, kowacce da lambarta. Waɗanne biyun ne nata? Da can a rajista ake rubutawa. Yanzu yana cikin Hasan.

Ranar Juma'a ce. An shiga da ita ƙarfe sha ɗaya, aka ce awa ɗaya da rabi. Ƙarfe ɗaya ta wuce ba su fito ba. Maza duk suka watse masallaci, Badamasi a gaba da farar shadda tana ƙara. Kowace Juma'a haka ake yi, ni mace ni ake bar wa sashen. Mutane sun ɗauka da dare kawai mutanen ɓoye suke fita. Ku tambayi tsofaffi. Rana tsaka, lokacin da inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa, gari ya yi tsit, wannan ma lokacinsu ne.

Ɗaya da rabi wayar ofis ta yi ƙara. Sista Kande ce ta ɗakin jini.

"Barira, kwamfuta ta tsaya. Juyawa kawai take yi."

"Kashe ki kunna."

"Na yi sau uku. Jini ya ɓalle wa gwaggonki. Dakta Rifkatu tana neman ledojin nan biyu yanzu."

"Ki sake gwaji mana."

"Minti arba'in ne. Ba ta da shi."

Na dubi allo. Kore. Hasan lafiya, Usaini lafiya. Na kira Badamasi, waya a kashe, ana huɗuba. Na cire takalmi na riƙe a hannu na bi barandar nan da gudu. Ba kowa. Ko kaza babu.

Ƙofar ɗakin sanyi ba ta buɗuwa sai da kati da yatsa. Mutum biyu ne kawai take sani, ni da Badamasi. Na manna kati, na danna yatsa, ta buɗe. Na shiga ta rufe a bayana.

Abin da na fara ji wari ne. Ɗakin nan warin roba da ƙarfe yake yi kullum. Ranar kafur na ji. Kafur da ɗanyen ganyen magarya.

Atine, sakar min hannu, kina ji min ciwo.

Akwai mutum a ciki. Wata tsohuwa, 'yar ƙarama, durƙushe a gaban Hasan. Farin zane ta yafa har ka. Bakin zanen a jiƙe yake. Ta manna kunnenta a jikin injin, idonta a rufe.

Na ɗauka mai shara ce. Har raina ya ɓaci. Na ce, "Iya, wa ya buɗe miki?"

Ta ɗaga yatsa ɗaya. Wato in yi shiru.

Na yi shiru. Ban san dalili ba.

Ta daɗe a haka. Sannan ta miƙe, ta zagaya bayan injin, ta dawo. Taku shida, bakwai. A nan na lura. Daɓen bai amsa ba. Daɓen da ko biro ka yar sai ya yi ƙara. Na saukar da idona a hankali. Ban so ba, amma na saukar.

Dugaduganta ne a gaba. Yatsun suna kallon baya.

Na nemi addu'a a bakina na rasa. Wallahi ko Fatiha ta gudu.

"Ina mai turaren?"

Tana gabana, ina kallon bakinta, bai motsa ba. Muryar daga bayan wuyana ta fito, can ƙasa-ƙasa, tare da iskar na'urar sanyi.

Na ce, "Ya... ya tafi masallaci."

"Masallaci." Ta ja tsaki. Tsakin ma daga baya na ji shi. "Shekara uku yana shigo min ɗaki ba sallama. Ya rufe min magudana. Ya cika min kunne da ƙugi."

"Iya, ki yi haƙuri."

"Ba ke kika yi ba." Ta dafa Hasan da tafin hannu. "Shekara arba'in duk wanda aka shigo da shi ɗakin nan sai na saurari ƙirjinsa. Aikina ke nan. Sau biyu na ji mai sauran numfashi, na buga ƙofa har mai gadi ya zo. Na ga sakarci iri-iri. Amma ban taɓa ganin mutanen da suka tsayar da gawa suna gaishe ta tana amsawa suna murna ba sai ku."

"Gawa?"

"Tun Laraba yake shure-shure. Ɗazu ya cika. Bakin ne kawai ya rage."

Na dubi fitilar Hasan. Kore, tana ƙiftawa. Lafiya lau, lafiya lau. Usaini yana gefe yana jin amsa, ya naɗe hannu yana jira. Daidai abin da na faɗa wa Badamasi. Da a wani wuri ne da na ji daɗin gaskiyata. Ranar kuka ne ya taso min.

Wayata ta yi ƙara a hannu, saura kaɗan in yar da ita. Dakta Rifkatu ce da kanta, wani ya riƙe mata wayar a kunne.

"Barira, minti goma. In ya wuce zan sa mata duk ledar da hannuna ya kai, sai abin da Allah ya yi."

Aka kashe.

Tsohuwar tana kallona. Idonta fari ne, babu baƙi.

"Rufe masa ido," ta ce. "Ƙanen yana jin kunyar wansa. Ba zai tashi ba sai ya ji shiru."

Na san abin da take nufi. In zare wa Hasan wuta. Ga takardar Badamasi a gabana, duk wanda ya taɓa. Wannan ba ta dame ni ba, aikin banza, su riƙe abinsu. Abin da ya tsayar da ni daban ne. Ba a taɓa gwada Usaini ba. Fayafansa 'yan kwali ɗaya ne da na Hasan. In na kashe wan, ƙanen ya tashi ya faɗi, ba gwaggona kaɗai ba, asibitin gaba ɗaya ya makance. Tsarin da zai gaya min lafiyar cikin Usaini kuwa, Badamasi ya kashe shi wata takwas da suka wuce.

Ba ni da wanda zan tambaya. Sai ita.

Na ce, "Iya, ƙanen fa? Don Allah saurara min shi."

Ta yi wani abu da fuskarta, ban sani ba ko murmushi ne. Ta juya. Ku gane, ta nufi Usaini, amma sawun ƙafarta ni yake fuskanta. Ta durƙusa ta manna kunne. Na tsaya ina kallon agogon waya. Minti ɗaya. Minti biyu. Ruwa yana ɗiga daga bakin zanenta, yana shigewa tsakanin daɓen, daidai inda tsohuwar magudanar take.

"Kwana tara," ta ce.

"Yau fa?"

"Na ce kwana tara. Kurma ce ke?"

Na zagaya bayan Hasan. Dole in wuce ta gefenta. Sanyin da ya fito daga jikinta ya fi na ɗakin. Wayar wuta biyu ce. Na kama ta farko na fizge. Na kama ta biyu, sai a lokacin bisimilla ta dawo bakina. Na faɗe ta na fizge.

Hasan ya yi shiru. Rabin ƙugin ɗakin ya ɗauke.

Usaini bai motsa ba.

An tsara shi ya tambaya ya sake tambaya, daƙiƙa talatin, kafin ya yarda wansa ya tafi. Na san haka, ni na karanta littafin, Badamasi hoto kawai ya ɗauka da shi. Amma sani daban, tsayuwa a wurin daban. Na ƙirga a zuci. Goma. Na tuna Gwaggo tana min kitso ina ƙarama, tana dungure min kai in na motsa. Ashirin. Na ce shi ke nan, na kashe ta da hannuna. Ashirin da takwas.

Sai fankokin Usaini suka ɗauka gaba ɗaya. Fitilunsa suka kama rawa.

Wayata ta yi ƙara. Sista Kande, tana ihu. "Ya dawo! Ya dawo! Ta huɗu da ta bakwai!" Na ji ƙarar murfin firji, na ji gudu.

Na zauna a ƙasa.

Da na ɗago tana tsaye a kaina. Ban ji zuwanta ba, ina zan ji.

"Ke kina jin magana," ta ce. "A gidan nan abin mamaki ne." Ta sa yatsa a bakinta ta jiƙa. Ta sunkuyo ta taɓa min kunnen hagu. Sanyin ya shiga har haƙorina. "Ungo. Na gaji da yi muku sauraro."

Na ce na gode. Me zan ce? Na yunƙura zan tashi.

"Zauna mana. Ina za ki?"

"Iya, gwaggona."

Na ja da baya da mazaunai har bayana ya taɓa ƙofa. Na laluba maɓallin fita na danna. Bai buɗe ba. Na sake dannawa.

"Tafi," ta ce daga bayan wuyana, alhali bayana ƙarfe ne. "Amma kada ki sake shigo min ke kaɗai. In na saba da mutum ba na son ya tafi."

Ƙofar ta buɗe.

Baba Mudi ne ya same ni da ya dawo daga masallaci, zaune a tsakiyar rana. Bai tambaye ni abin da ya faru ba. Ya dubi kunnena ya ce, "Kin yi mata sallama?" Na ce na manta. Ya ce, "Gobe ki yi." Ya wuce bakin ƙofarsa.

Badamasi kuwa ya dawo da carbi a hannu, ya ga Hasan a kashe, ya kama ihu har majinyata suna leƙowa. Wa ya taɓa? Ya ce in tattara kayana. Yana cikin haka Dakta Rifkatu ta fito da jini a rigarta, ta ce wa ya gyara kwamfutar nan, ya ceci rai. Ku ga ikon Allah. Mutumin nan ya gyara hula ya ce, "Ai tsarin da na kafa ke nan, Dakta. In ɗaya ya faɗi ɗaya ya ɗauka." A gabana. Ko ƙifta ido bai yi ba.

Na ce masa Usaini kwana tara ya rage masa. Ya ce a wace jami'a aka koya min duba. Sai na bi ta bayansa na sami Dakta Rifkatu, ita ta tsaya aka kawo sababbin fayafai, daga wurare daban-daban, na canza su ɗaya bayan ɗaya, Baba Mudi yana tsaye a bakin ƙofa duk shigar da zan yi. Tsohon faifan Usaini na bar shi a kunne a kan teburina don in gani. Ranar Lahadi ta sama, kwana tara cif, ya yi ƙas, ƙas, ya tsaya. Na mayar da tsarina, na haɗa shi da injinan biyu. Tun daga lokacin ba gaisuwa kawai suke yi ba. In cikin ɗaya ya fara lalacewa, ɗan'uwansa ya karɓa, ko yana so ko ba ya so. Badamasi ya je wani taro ya yi jawabi a kai, aka ba shi allon yabo. Ya cire agogon ofis ya rataya shi.

Kunnen nan kuwa, ba ƙarya ta yi ba. Ina wucewa ta gefen inji sai in ji wanda cikinsa ya fara. Wani ɗan ƙas, ƙas, can ciki. Ban taɓa kuskure ba. Na ɗauka a nan abin ya tsaya.

Rannan Badamasi ya sunkuyo kan teburina yana nuna min wani abu, ƙirjinsa daidai kunnena na hagu. Na ji shi. Ƙas. Ƙas.

Na ce, "Yallaɓai, lafiya kuwa?"

"Lafiya lau."

"Ka je a auna ka. Ga likitoci nan a ƙofar ofishinka."

Ya yi dariya ya ce difloma ta koma boka. Wata biyu bayan nan ya faɗi a wurin ajiye motoci. Yana raye, ɓarin jikinsa ɗaya ne ya tafi, bakin da yake soka Turanci ya karkace. Na raina mutumin nan, har gobe ina raina aikinsa. Amma ban so masa haka ba, kuma ranar na yi kuka.

Shi ya sa na bar aikin asibiti, Nafi'u, ba don miji ya hana ba kamar yadda ake faɗa. Ka yi tunanin bin baranda cike da mutane da irin wannan kunnen. Shi ya sa kuke ganin kullum ɗankwalina ya rufe hagu, da auduga a ciki. Ba gayu ba ne, Atine.

Don haka ka saurara. Ranar Litinin in ka je, ka fara duba ko tsarin nan yana kunne, don masu son kore ba sa ƙarewa. Kada ka yarda da inji don ya ce maka lafiya. Ka yi sallama a ƙofar ɗakin nan ko abokan aiki za su yi maka dariya. Kuma kada ka shiga kai kaɗai. Ko da dare, ko da rana, balle Juma'a in gari ya yi tsit. In ka buɗe ka ji kafur, ka ja ƙofar ka koma.

Me ka ce? Ɗaga murya kaɗan.

Eh. Wuri ɗaya nake cire audugar. Ashe kana lura. Duk zuwan da na yi gidan nan, in na rungume Gwaggo nakan daɗe, kuna min tsiya wai na girma ban daina shagwaɓa ba. Shekara bakwai ina yi. Shekara bakwai ina jin shiru, in mayar da audugata in ci tuwo.

Kun ɗauka takardar aikinka ce ta sa na zaunar da ku bayan ta yi barci?

Atine, kada ki yi kuka, za ki tashe ta. Da sauran lokaci, ƙas ƙas ɗin yanzu ya fara, can ƙasa-ƙasa. Nafi'u, ka nemo mota tun da asuba. Ni zan kira Dakta Rifkatu.

In ta tashi kada wanda ya tambaye ta ya jiki. Kun san abin da za ta ce. Ku ɗauko mata mayafinta kawai.